Ranar da Ɗanburam Ya Taka wa Majigi Birki

A shekarar da aka gama yaƙin basasa, lokacin da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, komai na gwamnati sai an jira shi daga Maiduguri, an yi wani ɗan kamasho a tashar motar Jimeta mai suna Ɗanburam. Aikinsa shi ne ya tsaya a bakin mota yana ihun "Numan! Gombe! Jos!" har ta cika. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ce maka kamasho ba. Cewa zai yi shi masanin mota ne.

A rumfar Gogo Baraka mai tuwo, inda 'yan tasha ke cin abinci, nan yake baje kolinsa.

"Ni fa ba sai na ga mota ba," in ji shi. "Tana can ƙetaren Binuwai tana jiran jirgin fito, ta yi tari sau ɗaya kawai, zan gaya maka sunanta da shekarar da aka ƙera ta da ciwon da ke damunta."

Ba wanda ya taɓa ganin sa a bayan sitiyari. In aka taɓo maganar sai ya ce lasisinsa yana Jos, wani Bature ne ya ara don ya nuna wa 'yan'uwansa yadda ake ci jarrabawa.

A ƙarshen daminar shekarar Sarkin Tasha ya rasu. Wanda zai naɗa sabo shi ne Alhaji Bobboyi, shugaban masu motocin haya, dattijon da 'yan tasha ke kira Bappa, mutumin cikin garin Yola, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Alhaji ya ce a ba shi wata guda ya duba. Ɗanburam bai jira watan ba, ya kai farin yadi wajen tela aka ɗinka masa babbar riga.

Matarsa Sakinatu ta ɗaga rigar ta duba gaba da baya. Ta ce, "Baban Zulai, wa aka haifa?"

"Sarki aka haifa."

"To Allah ya raya. Kada dai a yanka rago tun cikin bai fito ba."

Ana cikin haka majigi ya iso gari. Wani mutumin Numan ne ke yawo da shi, sunansa Ishmael, da Landiroba da janareto da farin ƙyalle da ake ɗaurewa tsakanin gorori biyu. Daren farko a unguwar Limawa aka kafa, ana idar da sallar isha'i. Aka nuna fim na rigakafi, aka nuna na takin zamani. Daga ƙarshe Ishmael ya ɗora wani tsohon fim na jigilar gyaɗa tun na kafin 'yancin kai, wanda ya sha jiki har hoton kamar ana yayyafi a cikinsa. Can a tsakiya sai ga wata babbar mota mai dogon hanci da bodin katako ta hau wata ƙaramar gada, ta karya kwana, ta shige ƙura. Duka duka ba ta kai ƙiftawa uku ba.

Alhaji Bobboyi da ke kan kujera a sahun gaba ya miƙe tsaye, abin da ba a saba gani ba.

"Ita ce," in ji shi. "Irin motar nan na fara shiga a duniya, na kai fata Kano. Kwana tara muka yi a hanya. Ban tambayi sunanta ba, don tun daga Jimeta har Kano salati nake yi." Ya juyo ya dubi 'yan tashar da suka yi dafifi a bayansa. "Wace iri ce?"

'Yan tashar suka dubi juna.

"Duk cikinku babu wanda ya sani? To wa zan ba tashar?"

Kafin ya rufe baki Ɗanburam ya ratso mutane, yana taka ƙafafun waɗanda ke zaune.

"Bilhodi ce, Bappa. Ƙirar alif ɗari tara da arba'in da takwas. Tana ɗan shan mai, kuma tayar baya ta hagu na neman iska."

Alhaji ya waiwayi Nata'ala, bakaniken da ke gyara masa motoci, mutumin da in ya ce maka kalma biyar a yini to ranar yana cikin fara'a.

Nata'ala ya ce, "Ban gan ta da kyau ba, Alhaji. Bilhodi da Ostin na zamanin nan kamar tagwaye suke. Sai an ga abin da ke rubuce a hancinta."

"Ku ji mini mutum!" in ji Ɗanburam. "Gani ai na 'yan koyo ne. Ni da kunne na gane ta. Ba ku ji kukan injin ba? Ba motar da ke wannan gurnanin sai Bilhodi."

Mutane suka gyaɗa kai, don kowa ya ji gurnanin.

Washegari da hantsi Ishmael ya zo rumfar Gogo Baraka cin tuwo, ya tarar da Ɗanburam yana kwaikwayon kukan injin da baki, direbobi sun kewaye shi. Ya saurara har aka kai giya ta uku, sannan ya wanke hannu ya ce, "Oga, fim ɗin nan fa ba shi da murya. Ya lalace tun kafin a ba ni. Shi ya sa nake magana a lasifika."

"To kukan da muka ji fa?"

"Janareto ne."

Wani direba ya ƙware da miya. Ɗanburam ko gezau.

"To injin Bilhodi ne a cikin janareton naka."

"Oga, ƙarami ne. Mutum biyu ke ɗaukan shi."

"Ɗanta ne," in ji Ɗanburam. "Ai ɗa ba ya ɓoye muryar uwarsa."

Kafin azahar labari ya kai kunnen Alhaji Bobboyi. Ya aiko da saƙo gajere: majigi zai yi sauran kwana uku a gari, a gano masa hancin motar.

Dare na biyu a unguwar Ajiya aka kafa. Ɗanburam ya lissafa cewa abin da ya hana kowa ganin hancin shi ne nisa. Saboda haka tun la'asar ya fara mirgino wani tsohon duro daga tasha, ya bi da shi ta cikin kasuwa, ya watsa tallar mai tattasai, ya iso yana naso a cikin sabuwar rigarsa. Ya haƙura har aka gama rigakafi da taki. Ana soma na gyaɗa ya tura duron gaban ƙyallen, ya hau ya tsaya, hancinsa saura taƙi ɗaya ya taɓa.

Abin da jama'ar Ajiya suka gani a ƙyallen shi ne inuwar wani ƙaton mutum da hula.

"Kai, sauka!"

"Wane ne wannan?"

"Mun zo kallon gyaɗa ko kallon ƙeyarka?"

Ɓawon rake ya same shi a wuya. Ya juyo a fusace, ya buɗe hannuwa, babbar riga ta baje fara fat.

"Jahilai! Aikin tasha nake yi! In ba ku san darajar bincike ba..."

A daidai lokacin motar ta hau gada. Ta shigo ta hannun rigarsa na dama, ta bi ta kan tumbinsa, ta karya kwana a daidai aljihu, ta fice ta hannun hagu. Kowa ya gan ta sarai ban da shi. Sai dai a inda hancin ya faɗo akwai aikin zare na wuyan riga, ba wanda ya iya karanta komai.

Gogo Baraka, wadda ke bin majigi da tukunyar kunu tana sayarwa, ta ɗaga murya daga gefe: "Shekara ashirin kana cewa ka tuƙa mota, yau ga mota ta tuƙa ka!"

Ɗanburam ya sunkuya ya duba cikinsa ko ta bar wata alama. Duron bai yarda da sunkuyon ba. Ya zame ya yi gabas, mai shi ya yi yamma.

Da safe ya zo tasha yana ɗingishi. Aka tambaye shi abin da ya gano.

"Nauyinta na ji," in ji shi. "Nauyin Bilhodi ne. Ostin ba ta kai haka ba."

Nata'ala, da ke kwance ƙarƙashin wata mota, ya ce a miƙo masa sifana.

Dare na uku a Yolde Kohi aka kafa, a wani fili da ke bakin gonaki. Ɗanburam ya kwana yana tunani, ya kuma samo dabara. Ya ce kuskuren da kowa ke yi shi ne tarar motar ta gaba, inda take kan gudu. Duk motar da ta shige, ai wani wuri ta nufa. Shi zai je bayan ƙyallen ya jira ta a can, dole ta zo ta same shi a gajiye.

Bayan ƙyallen gonar kuɓewa ce. Ya kutsa ya tsuguna a tsakiyar kunya, sauro na yi masa marhaba. Hoton kuwa yana fitowa ta baya tas, tunda ƙyalle ne. Gada ta bayyana. Mota ta taho, amma daga wancan ɓangaren, kuma da ya zuba ido sai ya ga direban yana zaune a hagu.

Ya fito da gudu ta ƙarƙashin ƙyallen, yana susar hannu da wuya, don ganyen kuɓewa ya fara aikinsa.

"Tsaya! Bappa, na gano! Biyu ne!"

Ishmael ya ajiye lasifika. Alhaji Bobboyi, wanda yanzu ba ya fashin majigi, ya ce, "Me ne biyu?"

"Motocin! Ta gaban Bilhodi ce, tana tafiya. Ta bayan kuwa dawowa take yi, sitiyarinta a hagu. Barliye ce, irin ta Faransa da ke zuwa daga Garwa. Shi ya sa aka rikice. Ni kaɗai na zagaya."

Ishmael ya ce, "Oga, mota ɗaya ne. In ka je baya, komai yana juyewa. Ko ni in na tsaya a wurin..."

"Ka taɓa zuwa bayan?"

"Ni nake ɗaura shi."

"Ɗaurawa daban, bincike daban."

Alhaji ya ce, "To ni wacce na shiga?"

"Ta gaban ka shiga ka tafi, Bappa. Ta bayan ce ta dawo da kai."

"A jirgin ƙasa na dawo har Jos."

"To kayanka ta ɗauko."

Ba a kai ga jin amsar Alhaji ba, wata mata ta ɓullo daga duhun gonar da fitilar ƙwai a hannu ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya a ɗayan. Sunanta Magdalena, ita ce mai kuɓewar. Ta ɗaga takalmin sama kamar mai cigiya.

"Jakin da ya kwanta mini a gona ya manta kofatonsa. Na wane ne?"

Kowa ya dubi ƙafafun Ɗanburam. Ya ce shi bai taɓa ganin takalmin ba, nasa ɗayan yana wajen gyara. Haka ya taka har gida, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yana susa.

Da gari ya waye Sakinatu na shafa masa man shanu a inda ya yi burtsatse, ta ce, "Baban Zulai, ka je ka ce wa Alhaji ba ka sani ba. Kalma uku ce: ban, sani, ba. Ko Nata'ala da ya tsufa a cikin inji ya faɗa, kuma ba a kore shi daga gari ba."

"Bakina bai saba ba."

"Jikinka dai yana sabawa da abubuwa da yawa a makon nan."

"Yau ne na ƙarshe, kuma a ƙofar gidan Alhaji za a yi. Matsalar motar nan ɗaya ce, ba ta tsayawa. Ni kuwa shekara ashirin aikina ke nan, tsayar da mota."

Ya sami Ishmael a inuwar Landiroba yana goge injin majigi. Ya gaishe shi da ladabi irin wanda bai taɓa yi wa kowa ba, ya yaba masa wando, sannan ya ce in motar ta hau gada a ɗan tsayar da ita, ko na minti ɗaya.

"Ba ya yiwuwa, Oga. Fitilan ciki yana da zafi. In fim ya tsaya a gabansa, zai cinye shi."

"Ina birkin?"

"Ba shi da birki."

"Inji ba birki? Wa ya ba ku lasisi?"

"Oga, fim ɗin na gwamnati ne. Yadda aka ba ni haka zan mayar Maiduguri. Ina da yara huɗu. Don Allah ka bar shi ya wuce."

Ɗanburam ya ce ba komai, ai tambaya ce. Amma ya tsaya ya ƙare wa injin kallo, ya ga faifai biyu, na sama da na ƙasa, zaren fim na sauka daga ɗaya zuwa ɗaya. Ya gyaɗa kai. Taya biyu ce, kuma duk abin da ke da taya ya san maganinsa.

Da yamma motoci biyu suka kwashi 'yan tasha daga Jimeta zuwa Yola, don labari ya bazu cewa yau Ɗanburam zai faka motar majigi. Filin ƙofar gidan Alhaji Bobboyi ya cika har kan katanga. An jera kujeru a gaba: Alhaji, da Modibbo, babban malamin unguwa, da malaman makaranta biyu. Nata'ala ya zauna a ƙasa kusa da su. Gogo Baraka ta kafa tukunyarta a gindin gora.

Ɗanburam ya zo cikin farar rigarsa, an wanke ta amma shatin duro bai fita ba. Bai nufi gaba ba, bai nufi baya ba. Ya je ya durƙusa kusa da Ishmael da mafici a hannu, ya ce ya ga yana shan zafi ne. Ishmael ya dube shi, ya ja injin ya matso da shi kusa da ƙafarsa.

Rigakafi ya wuce. Taki ya wuce. Buhunan gyaɗa suka fito, 'yan dako suka wuce da su. Ishmael ya ɗauki lasifika da hannu biyu yana bayanin yadda ake auna gyaɗa. Gada ta bayyana.

"Birki!" in ji Ɗanburam, ya yar da mafici ya rungume faifan sama.

Inji ya yi wani gunji kamar an shaƙe akuya. Hoto ya yi rawa, ya tsaya cak.

Ga mota nan tsaye a tsakiyar gada, hancinta ya cika ƙyalle, fitilunta biyu suna kallon mutanen Yola. Alhaji ya laluba aljihu yana neman tabarau. Nata'ala ya miƙe ya yi taku biyu, ya ƙanƙance ido.

"Akwai rubutu," in ji shi. "Harafin farko..."

Sai wani ɗigo ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hancin. Ya kumbura kamar ƙosai a mai, ya fashe, gefensa ya yi ja yana ci yana faɗaɗa. Fitilar dama ta narke. Gilashi ya bi ta.

Wata mata ta ƙwalla ƙara daga kan katanga: "Mota ta kama wuta!"

Ishmael yana ihun "Sake! Sake shi!" Ɗanburam ya sake, amma ba don maganar Ishmael ba. Shekara ashirin a tasha sun koya masa abin da ake yi in mota ta kama wuta.

"Fasinja su sauka! A kawo ruwa! A kawo ƙasa!"

Ya tsallake mutum uku, ya sunkuci tukunyar Gogo Baraka, ya sheƙa wa motar kunu tun daga hanci har bodi. Santsin da ya zuba ya ɗebe shi ya rungumi gora. Gora ta yi tunani kaɗan, sannan ta kwanta, ta jawo 'yar'uwarta. Ƙyalle ya sauko a hankali, jiƙe da kunun tsamiya, ya lulluɓe sahun gaba gaba ɗaya.

A can baya injin, da ya sami kansa, ya ci gaba da aiki da zuciya ɗaya, yana tauna fim yana tofarwa a ƙafar Ishmael, har sai da shi Ishmael ɗin ya kashe janareto.

Duhu ya rufe filin. Sannan daga ƙarƙashin ƙyallen muryar Alhaji Bobboyi ta fito, a hankali kamar kullum.

"Ɗanburam."

"Na'am, Bappa."

"Wace iri ce?"

"Bappa, ta ƙone kafin ta faɗa."

Modibbo, daga ƙarƙashin ƙyallen shi ma, ya tambaya ko akwai wanda ya ga rawaninsa.

Washegari da safe aka taru a tasha, har da waɗanda ba su da abin yi a tasha. Alhaji ya zo da kansa. Ishmael ya iso idanunsa jajur. Ya yanke inda ya ƙone da inda inji ya tauna, ya manne sauran, fim ya koma tafiya, sai dai babu mota a cikinsa. Abin da ya tsira daga motar guntu ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya naɗo shi a hankici.

"Alhaji, me zan ce a Maiduguri?" in ji shi.

Alhaji ya ce, "Ba kai za ka ce ba. Ni zan rubuta, Modibbo ya sa hannu, malaman nan biyu su sa hannu, wanda ya yi aikin ya dangwala yatsa. Aikinka ba zai taɓu ba in sha Allahu. Kawo guntun."

Ya miƙa wa Nata'ala tare da tabaransa. Nata'ala ya ɗaga guntun sama yana fuskantar rana, ya riƙe tabaran a gabansa, yana matso da shi yana janyewa. Mutane suka dafe a bayansa kamar su ma za su gani.

"Hancin ya tafi," in ji shi. "Saura bayanta, tana shiga kwana." Ya ƙara matso da tabaran. "Amma akwai rubutu a jikin katakon."

Ɗanburam, wanda tun safe yake rakuɓe a bayan wata tayar, ya miƙe. Bai yi boko ba, amma ya ga hancin motoci da yawa, ya san da wane harafi sunan Bilhodi yake farawa.

"Nata'ala, harafin farko. Mai ciki biyu ne?"

Nata'ala ya duba. "Mai ciki biyu ne."

"Allahu Akbar!" Ɗanburam ya fito tsakiyar fili, ya gyara wuyan riga, ya dubi direbobi ɗaya bayan ɗaya. "Na faɗa a Limawa. Na faɗa a Ajiya. An jefe ni da rake, an ce mini jaki. Karanta, Nata'ala. Karanta da ƙarfi, har na ƙetare su ji."

Nata'ala ya yi gyaran murya.

"BA RUWANKA."

"Kamar yaya ba ruwana? Ni na sha wahalar..."

"Abin da ke rubuce ke nan. Ba ruwanka."

Dariyar da aka yi a tashar Jimeta ran nan, an ce har masu jiran jirgin fito sun aiko tambaya ko lafiya. Gogo Baraka ta zauna a ƙasa tana share hawaye da gefen zane. Alhaji kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi guntun ya duba, ya daɗe yana kallon bayan motar, sannan ya roƙi Ishmael ya bar masa. Ya naɗe shi a hankicin ya sa a aljihun gaba.

Sarautar tasha kuwa, a nan take ya ba wani dattijon direba mai suna Salihu, wanda bai je majigin ba ko sau ɗaya saboda yana kwanciya da wuri.

Shi ko Ɗanburam hukuncinsa bai yi tsawo ba. Zai wanke ƙyallen, zai wanke tukunyar Gogo Baraka, sannan zai bi Ishmael duk garuruwan da suka rage masa, yana ɗaukar gorori yana kafawa, da sharaɗin tsakaninsa da inji taku goma.

Bayan kwana biyu aka kafa a Girei. Ɗanburam yana tsaye a gindin gora yana riƙe da ita, don ƙasar wurin yashi ce. Aka zo na gyaɗa. Gada ta fito, fayau, ba kowa a kanta. Hoto ya yi tsalle, sai ga ƙura tana lafawa.

Ɗanburam ya sunkuyo wajen wani tsoho da ke zaune kusa da ƙafarsa.

"Baba, ka ga motar da ta wuce yanzu? Bilhodi ce."

Tsohon ya dubi ƙyallen, ya dube shi. "Ni ban ga mota ba."

"Ai ba za ka gani ba," in ji Ɗanburam, ya gyara riƙon gorarsa. "Gudu gare ta."